Awa Nawa Ne Daga Kano Zuwa Jidda? Lissafin Nisa Da Lokaci Cikin Jirgin Sama

Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya shimfiɗa ƙasa, ya sanya hanyoyi a cikinta, ya hore wa bayinsa abin hawa a tudu da ruwa da iska. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, akwai wata tambaya wadda ba ta ƙarewa a zaurukan malamai da rumfunan kasuwa in lokacin aikin Hajji ya gabato, ita ce, awa nawa jirgin sama ke yi tsakanin Kano da Jidda? Wani ya ce 4 da rabi, wani ya ce 6 da rabi, wani kuma ya dage shi ran da ya komo awa 2 da rabi kaɗai ya gani a takardarsa. Cikinsu kuwa ba wanda ya yi ƙarya. Nisan ƙasa abu guda ne, yana nan inda Mahalicci ya ajiye shi, amma lokacin tafiya abubuwa huɗu ne ke haɗuwa su haife shi, watau hanyar da aka bi, da gudun jirgi, da iskar sama, da saɓanin agogo. Wanda bai yi lissafinsu tun yana gida ba yana iya rasa salla a kan lokacinta, ko ya wuce miƙati bai ɗaura harami ba, ko kuwa jirgi ya tashi ya bar shi da kaya a ɗaure.

NISAN DA BA YA MOTSI

Daga Kano zuwa Jidda, in an miƙe ba a karkata ba, wajen kilomita 3,400 ne, watau kamar mil 2,100. Zuwa Madina kuwa wajen kilomita 3,550. Kano zuwa Ikko kilomita 830, zuwa Alƙahira 3,100, zuwa Landan 4,450, zuwa Dubai 5,100, zuwa Gwanzu ta ƙasar Sin, inda fataken wannan zamani ke sarin kaya, wajen 10,900. Kewayen duniya duka ta tsakiyarta ɗan abin da ya haura kilomita 40,000 ne. Ke nan mai zuwa Gwanzu ya ci fiye da rubu'in kewayen duniya, mai zuwa Jidda kuwa ya ci kamar kashi ɗaya cikin 12.

Wannan lissafi ba baƙo ba ne ga ma'abota ilmi. A zamanin Halifa Ma'amun na Bagadaza, wanda ya yi mulki daga 813 zuwa 833 na Miladiyya, an tura masana taurari filin Sinjar suka auna tsawon daraja ɗaya ta ƙasa, suka same ta mil 56 da sulusi biyu na milin Larabawa, daga nan suka fitar da girman duniya. Bayansu Albiruni, wanda aka haifa 973, ya wallafa littafi guda a kan iyakance matsayin garuruwa da nisan da ke tsakaninsu. Abin da ya zaburar da shi kuwa shi ne daidaita alƙiblar birnin Gazna.

Ga wani abu da ya kamata malami ya riƙe. Hanyar da ta fi kusa tsakanin garuruwa biyu a bisa doron ƙasa ita ce ainihin hanyar da ake fitar da alƙibla da ita. Duniya ƙwallo ce, taswira kuwa shimfiɗaɗɗiyar takarda ce, saboda haka layin da ya miƙe a takarda ba lalle ne ya zama mafi kusa ba. Mai son ya gani da idonsa ya ɗauki kabewa, ya soka tsinke biyu a jikinta, ya ja zare tsakaninsu har ya tsaya ƙyam. Inda zaren ya kwanta, nan ce gajeriyar hanya. Shi ya sa alƙiblar Kano take gabas da karkata zuwa arewa da kamar daraja 22. Shi ya sa kuma Musulmin birnin Niyok na Amurka suke fuskantar arewa maso gabas, alhali a takarda Makka tana kudu da su. Jirgin da ya tashi Kano ya nufi Jidda bisa wannan zare zai bi ta wajen Tafkin Chadi, ya ratsa arewacin Chadi, ya shiga hamadar arewacin Sudan, sa'an nan ya tsallaka Bahar Maliya.

YADDA SHEKARU SUKA KOMA AWOYI

Mutanen da ba su bi wannan zare ba, domin mai tafiya da ƙafa rijiya yake bi da kasuwa. Sukan tashi Kano su bi ta Barno, su ƙetare zuwa Fallomi wadda ake kira Njamena yanzu, su wuce Abeshe ta Wadai, su shiga Darfur ta Janaina da Fashir, su kai Lubayya ta Kurdufan, su isa Hartum, daga nan su gangara Sawakin a bakin teku su nemi jirgin ruwa. Ayarin raƙuma mai kaya yakan ci kilomita 30 zuwa 40 a yini. Da hanyar a miƙe take, ba tsayawa, da wata uku zuwa huɗu ya isa. Amma guzuri yakan ƙare, sai mutum ya yada zango ya yi noma ko ɗinki ko karantarwa, ya tara abin da ya tara, ya ƙara gaba. Ta haka tafiyar takan ci shekaru. Waɗansu sun haifi 'ya'ya a hanya, waɗansu sun rasu, waɗansu kuwa sun zauna ke nan. Unguwannin Hausawa da Fulani da ke Sudan har yau shaida ne, haka kuma garin Mai Wurno a bakin kogin Nilu Shuɗi, wanda ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa da jama'arsa bayan yaƙin Burmi na 1903. Masu hali kuwa sun samu wata hanya daga baya. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya yi Hajjinsa na 1921 cikin jirgin ruwa, ya bi ta Ingila.

Jiragen sama na farko da suka sauka Kano guda 3 ne na sojan Ingila. Sun tashi daga Halwan kusa da Alƙahira ran 27 ga Oktoba 1925, suka bi ta Hartum suna sauka suna shan mai, suka iso Kano ran 1 ga Nuwamba, zamanin Sarkin Kano Usman. Kwana 6 ke nan a kan tafiyar da jirgin yau ke yi cikin awa 4 da 'yan kai. A 1936 kamfanin Imperial Airways ya soma jigilar wasiƙu tsakanin Hartum da Kano. Cikin yaƙin duniya na biyu kuma, tun daga 1940, aka riƙa harhaɗa jiragen yaƙi a Takoradi ta ƙasar Gana ta yanzu, ana tuƙa su ta Ikko da Kano da Maiduguri da Fallomi da Fashir da Hartum har Masar. Mai lura zai ga zangunan nan su ne zangunan alhazan da, domin ƙaramin jirgi shi ma ba ya nisa da mai, kamar yadda raƙumi ba ya nisa da rijiya.

GUDUN JIRGI

Jiragen farfela da suka soma ɗaukar alhazai bayan yaƙi sukan yi kilomita 300 zuwa 350 a awa. A raba 3,400 da 350, a ga awa 10 saura kaɗan, banda sauka shan mai a hanya. Da jirgin Boeing 707 ya fito aiki a 1958, gudu ya tashi zuwa kilomita 850 ko 900 a awa, tafiya kuma ta koma can sama, kilomita 10 zuwa 12 daga ƙasa, inda iska ba ta da kauri. A raba 3,400 da 850, awa 4 ke nan daidai. A ƙara rabin awa ko fiye domin hawa da saukowa da gangarawa a fili, sai a samu awa 4 da rabi zuwa 5. Da wannan ƙa'ida kowa na iya kintatar tafiyarsa da alƙalami a kan allo: Ikko awa ɗaya da rabi, Landan wajen 6, Dubai 6 da rabi, Gwanzu kuwa da za a miƙe wajen 13 da rabi.

Abin mamaki, tun daga 1958 ɗin nan gudun jiragen fasinja bai ƙaru da wani abin kirki ba. An yi wani mai suna Concorde, na Ingila da Faransa, wanda ya fi sauti gudu, yana zuwa Niyok daga Landan cikin awa 3 da rabi. Ya yi aiki daga 1976 zuwa 2003, aka ajiye shi, domin shan mansa da tsadarsa sun yi yawa. Abin da ya ƙaru shi ne juriya. Tun 2020 akwai jirgin da ke tashi Singafo ya sauka Niyok, fiye da kilomita 15,000, sama da awa 18 bai taɓa ƙasa ba.

ISKA DA RUFAFFUN HANYOYI

Can inda jirage ke bi akwai koguna na iska masu ƙarfi, kamar yadda ruwa ke gudu a Kwara. Mai kwalekwale ya sani gangara da hawa ba ɗaya ba ne. A ƙasashen arewa iskar daga yamma take zuwa gabas, saboda haka tafiya daga Landan zuwa Niyok takan kai awa 8, komowa kuwa wajen 7. A Fabrairu 2020, da wata guguwa ta ƙara wa iskar ƙarfi, wani jirgi ya komo Landan cikin awa 4 da minti 56. A sararin ƙasashen Sudan da Chadi da Hausa kuwa, da damina iskar can sama daga gabas take busowa, tana tura mai komowa gida tana riƙe mai tafiya. Da yake watan Zulhajji yana zagaya shekara, yana matsowa da kwana 10 ko 11 kowace shekara, alhajin bana da na shekara 15 baya ba iska ɗaya suka tarar ba.

Har wa yau, sararin sama yana da iyaka kamar ƙasa, kowace gwamnati da nata. Da yaƙi ya tashi a Sudan cikin Afrilu 2023 aka rufe samanta, sai jiragen alhazan Nijeriya na wannan shekara suka yi kewaye, awoyi suka ƙaru, kamfanoni suka nemi ƙarin kuɗin kujera. A Agusta na shekarar kuma Nijar ta rufe nata saman wajen wata guda, jiragen da ke tsakanin Turai da kudancin Afirka suka riƙa zagaye. A ƙasa kuwa, hazon hunturu yakan hana sauka ko tashi a Kano da Sakkwato da Maiduguri, a kwana ana jira. Lokacin da aka rubuta a tikiti niyya ce ta 'yan Adam, cikarta tana hannun Allah.

SAƁANIN AGOGO

Nan ne mafi yawan ruɗani yake. Duniya tana juyawa daraja 15 cikin kowace awa, watau daraja ɗaya cikin minti 4. Jidda tana gabas da Kano da daraja 30 da ɗan ɗori, saboda haka rana takan kai tsakiyar sama a can awa 2 kafin ta kai a Kano, agogonsu kuma yana gaban na Nijeriya da Nijar da awa 2. Dubai tana gaba da awa 3, ƙasar Sin da awa 7. Landan kuwa, duk nisanta, kusan arewa take sak, don haka da hunturu tana baya da awa ɗaya tak, da bazararsu kuma agogo ɗaya ne da Kano.

To, kamfanoni suna rubuta lokacin tashi da agogon garin da aka tashi, lokacin sauka da agogon garin da za a sauka. A ɗauka jirgi ya tashi Kano ƙarfe 1 na rana, ya yi awa 4 da rabi. Agogon da ke hannun alhaji zai nuna 5 da rabi, amma na bangon filin Jidda 7 da rabi. Mai duba takarda sai ya ce awa 6 da rabi aka yi. Ran komowa, in an tashi Jidda ƙarfe 1, za a sauka Kano 3 da rabi, sai ya ce 2 da rabi. Tafiyar kuwa ɗaya ce.

Sa'an nan ranar tikiti tana somawa da tsakar dare, ana kuma ƙirga awoyi 24 a jere, 13:00 shi ne ƙarfe 1 na rana, 22:00 ƙarfe 10 na dare. In an rubuta Talata 00:30, ana nufin daren da ya biyo bayan faɗuwar ranar Litinin, wanda malamai suka saba kira daren Talata. Wanda ya jira har ranar Talata ta faɗi sa'an nan ya nufi fili, zai tarar jirginsa ya tashi tun jiya.

ABIN DA YA SHAFI IBADA

Ga Malikiyya nisan da ke halatta ƙasaru buridi 4 ne, watau mil 48 na shari'a, kilomita 80 da 'yan kai. Matafiyin da yakan yi yini biyu kafin ya ci wannan nisa. Jirgin yau yana cin kusan kilomita 15 a minti, ya gama da shi cikin minti 6. Amma malamai sun rataya hukuncin ga nisa, saboda haka mai tafiya cikin jirgi matafiyi ne, yana ƙasaru, har ya yi niyyar zaman kwana 4 a wani gari.

Lokutan salla kuwa rana suke bi a inda mutum yake. A misalin da ya gabata, wanda ya tashi Kano ƙarfe 1 ya samu azahar a ƙasa, amma la'asar za ta shiga ta fita yana sama, magariba ma ta same shi kafin ya sauka, domin shi yana gudu gabas rana tana gudu yamma. Mai komowa yamma kuwa yininsa tsawo yake yi. Ya wajaba mai niyyar tafiya ya duba awar tashinsa, ya lissafa sallolin da za su riske shi, ya tambayi malaminsa hukuncin jam'i da na salla cikin jirgi tun kafin ya ɗaure kaya, ya kuma shiga da alwala. Haka mai azumi da ya zaɓi ya riƙe azuminsa: ba ya buɗe baki da agogon Kano ko na Jidda, sai ya ga faɗuwar rana daga inda yake. Daga can sama kuwa takan jinkirta da 'yan mintoci bayan ta ɓace wa mutanen da ke ƙasa.

Mafi nauyin al'amari shi ne miƙati. Juhufa, kusa da Rabig, ita ce ta mutanen Sham da Masar da Magrib, Yalamlam ta mutanen Yaman, Zulhulaifa ta mutanen Madina. Alhajin da yakan iso bakin teku ya zauna kwanaki, ya yi wanka, ya tambaya, ya shirya a tsanake. Jirgin sama kuwa yana tsallake Bahar Maliya cikin abin da bai kai rabin awa ba. Malamai sun saɓa a kan mai sauka Jidda. Da yawansu sun ce ya yi niyya a sama in ya zo daidai da miƙati, in ya wuce jini ya hau kansa. Waɗansu sun ce mai zuwa daga yamma sak, kamar mutanen Sawakin, ba ya daidaita da wani miƙati kafin Jidda, saboda haka ya yi harama a can. Mai son fita daga saɓani sai ya yi wanka ya ɗaura zanen harami tun a Kano, ya yi niyya da talbiyya da zarar an yi shela, ko ɗan gabanin haka, domin wanda ya tashi neman zane cikin jaka na minti 5 ya riga ya wuce kilomita 70. Wanda jirginsa ya nufi Madina, kamar yadda ake yi da alhazai da yawa a shekarun nan, ya huta da wannan, zai yi harama a Zulhulaifa ƙafarsa tana ƙasa.

ABIN DA YA SHAFI FATAUCI

Falke kuwa ya sani awoyin sama ba su ne dukan tafiya ba. Ana son mutum ya hallara a fili awa 3 kafin tashi in ƙasar waje za shi, ga kuma binciken fasfo da jiran kaya da kwastan bayan sauka. Mai zuwa Gwanzu yakan canza jirgi a wani birni, kamar Adis Ababa ko Alƙahira, sai awa 13 ta koma kusan yini da kwana. Tikitin da ya fi araha sau da yawa shi ne mai doguwar jira, kuɗin masauki da abinci su cinye rarar. Wanda kuma ya bar awa ɗaya tak tsakanin jirgi da jirgi, in hazo ya riƙe na farko, na biyu ba ya jiransa. Haka nan mai hulɗa da Sin ya tuna ƙarfe 9 na safe a Kantin Kwari ƙarfe 4 na yamma ne a can, in ya bari sai bayan azahar, abokin cinikinsa ya rufe kanti. Jiki ma yana da nasa agogon. Wanda ya tsallake awa 7 yakan yi kwanaki yana gyangyaɗi da rana yana ido biyu da dare, bai kamata ya ƙulla babban ciniki ranar da ya sauka ba.

Magabata sun sha wuyar hanya, amma tsawonta ya ba su sararin koyo, kowane zango da malaminsa da madugunsa. Matafiyin yau an ɗauke masa wahala, an kuma ɗauke masa wannan sarari, abin da bai sani ba a Kano ba zai koye shi a sama ba. Tun ran gini ran zane. Ya kamata shugabannin alhazai da malaman bita su sa lissafin nan cikin karatunsu, su karanta wa kowane maniyyaci tikitinsa, su gaya masa sallar da za ta same shi a sama da inda zai yi niyya.

Allah ya kai matafiya lafiya, ya komo da su lafiya, ya karɓi ibadar alhazai, ya sa albarka cikin fataucin fatake, ya jiƙan waɗanda suka kwanta a tsohuwar hanya ba su isa ba. Allah shi ne mafi sani. Wassalam.